Kwalbar Malam a Firigon Adda Dudu

Bana azumi ya sake zagayowa ya faɗo a cikin zafi, irin zafin Duwala da ba ya barin mutum ya zauna wuri ɗaya. Ka shiga ɗaki, kwanon rufi ya gasa ka. Ka fito tsakar gida, iska ta tsaya cik, gumi na bin gadon bayanka. Tun la'asar 'yan mata ke ratsa lungunan unguwarmu New Bell da kula a ka suna kiran "Gilas! Gilas mai sanyi!", wato ƙanƙara, ni kuwa da na ji kiran nan sai gabana ya faɗi.

'Yata Uwani da ke aure a unguwar Makepe ta zo jiya, ta same ni ina fifita a gindin randa.

"Inna, don Allah ki bari a kawo miki firigo. Wa yake shan ruwan randa a zamanin nan?"

Na ce, "Ni. Ki bar min randata." Firigo muke ce wa firiji a nan.

Ta yi dariya ta ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Tana 'yar shekara huɗu aka yi abin, ba za ta tuna ba, ni kuma ban taɓa zaunar da ita na ba ta labarin ba, don ba ya min daɗi a baki. Shekara talatin da 'yan kai ke nan.

A nan New Bell aka haife ni. Fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano, ya zauna, bai koma ba. A nan aka yi min aure, muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya mai ɗaki tara, famfo ɗaya, bayi ɗaya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba na kama sunansa, Malam nake ce masa. Mutum ne mai sanyi, kafin ya yi magana ɗaya na yi goma. Ni kuwa Asabe, Allah ya yi ni da baki da gaggawa, duk layinmu an shaida.

Masinja ne a wani kamfani a Bonanjo, kullum da gogaggiyar riga. Da shekarun nan suka shigo da muke kira lakiriz, wato shekarun matsin tattalin arziki, aka tara ma'aikatan wata safiya aka ce kowa ya kama gabansa. Gari ya yi tsit. Waɗanda ba a kora ba an yanke musu albashi, mai sayen nama da kilo ya koma tambayar ƙashi, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Wani abokin Malam, Alhaji Hamadu, Bafulatanin Garwa mai sauke buhunan albasa a kasuwar Sandaga, ya ba shi gefen rumfa yana kasa albasa kashi-kashi. Da ita muke ci.

Da ya fara ramewa mun ɗauka tunani ne. Wa bai rame ba a lokacin? Sai shan ruwa ya biyo baya, moɗa ba ta sauka daga hannunsa, buta kuma ba ta hutawa. Wando ya daina zama a ƙugunsa sai da igiya. Ni na fara lura da kiyashi. Duk inda ya tsuguna a bayi, kafin rana ta ɗaga sun yi layi baƙi ƙirin. Wata tsohuwa a gidan ta gani ta ja ni gefe ta ce, "Asabe, ki kai mijinki asibiti, wannan sukari ne."

Likita ya ce sukarin ne, kuma ba irin na haɗiyar ƙwaya ba, irin na allura ne, safe da yamma, har ƙarshen rai. Shekarar Malam talatin da ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya sa kaffara ne. Ni kuwa sau uku ina tambaya, "Har yaushe?", sau uku ana ba ni amsa ɗaya.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin wata doguwar mata ce 'yar kudu, kowa Majo yake ce mata. Tana haɗa Faransanci da Pijin da 'yar Hausar da ta tsinta a Ngaundere, kuma ba ta da wasa. Ita ta koya min murza 'yar kwalbar insulin a tafin hannu har ruwan ya yi fari bai ɗaya kamar madara, da yadda ake zuƙa, da yadda ake tsunkule fatar cinya a soka. A jikin lemo na koya. Ta ce abinci da awo, kuma a kan lokaci. Ta ce in na ga yana karkarwa yana gumi mai sanyi, in jefa masa sukari a baki nan take. Sannan ta ɗaga kwalbar ta ce ba ta son zafi.

"Kuna da firigo?"

"Babu."

"Kuna da randa?"

"Akwai."

"Ya isa, Madam. Ki sa a gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi."

Na dawo gida na zama soja. Gwangwanin sukari na kyautar, ƙwaya uku kacal na bari, a ƙulle a bakin zanena saboda maganar Majo. Malam mutumin shayi ne mai kauri da burodi, na hana. Da safe in yi masa allura, in ba shi ɗanyen agade dafaffe da 'yar miyar shuwaka. Da rana wake da ganye a ƙaramin kwano, ya tafi da shi kasuwa. Da yamma allura, sai tuwo malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannuna ba, miya kuwa ya sha iya shansa. Makala, wato fanke, da shinkafa da bobolo na rogo, duk abin da ya saba tsinta a hanya, na ce ko ƙamshinsa ban yarda ba. Abin da ya ci shi muke ci ni da Uwani, don kada ya ga wani abu a bakinmu ransa ya biya.

Yakan dubi malmalar ya ce, "Asabe, wannan tuwo ne ko ɗanɗano?"

In ce, "Ka ci ka gode Allah."

Sai ya ci ya gode Allah. Cikin wata biyu kumatunsa suka dawo, igiyar wando ta koma shanya. Ba mu da abin auna jini irin na yanzu da ake ɗan soka yatsa lamba ta fito. Sai ƙarshen wata ake aunawa a asibiti, takardar gwada fitsari kuma ta fi ƙarfinmu. Kiyashi su ne awona. Kullum da safe, bayan ya fito daga bayi, sai in zagaya in duba bakin magudana. In na ga wayam, in ce alhamdulillahi. Har cika baki nake yi a tsakar gida cewa kiyashi ba sa ƙarya.

Ana nan sai kuɗin ƙasa ya faɗi. Muka kwana da kuɗi a hannu, muka tashi an ce darajarsa ta ragu, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka. Kwalbar Malam na ciki. Na kwashe kwallayena na aure na sayar, na sayo sabuwar kwalba, na riƙo ta a hannu biyu tun daga kantin magani har gida kamar mai ɗauke da ƙwai. Lokacin kuma zafi ya kankama, saura mako guda azumi. In taɓa ruwan randa in ji shi ɗumi-ɗumi. In jiƙa yashi, kafin azahar ya bushe. Na kasa zama, na kasa tsaye. Ina tsakiyar wanki sai in tashi in je in tona yashi in taɓa kwalba. In ta lalace, me ya rage min in sayar?

Ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu na Adda Dudu ne, Bafulatanar Ngaundere, mijinta ya rasu, tana riƙe da kanta da sayar da ƙanƙara da kindirmo. Duk layin ita kaɗai ke da firigo, kuma ba irin na tsaye ba, irin dogon akwatin nan ne mai murfi a sama. Na ɗauki albasa a kwano na je mata.

"Adda, wuri nake roƙo. Maganin Malam ne, an ce ba ya son zafi."

"Haba Asabe, wannan har sai da albasa? Kawo. In sa shi nan sama cikin kwando, inda nake ajiye kindirmo?"

Na leƙa. Kwandon yana kusa da murfi, ana buɗewa ana rufewa yini guda. Na ce, "A'a, Adda. Can ƙasa, a kusurwa, ƙarƙashin ƙanƙara. Inda ya fi ko'ina sanyi."

"To ba zai daskare ba?"

"Ya daskare mana! Nama ma in ya daskare ai sai ya fi daɗewa."

Ta ce, "Ke kika je asibiti, ke kika sani."

Da hannuna na naɗe ta a leda, na cusa ta can ƙasa. Ranar na samu sukuni. Tun daga nan, safe da yamma sai in je in ɗauko ta, tauri kamar dutse, in dunƙule ta a hannu, in sa a hammata har ta narke, in murza, in yi masa allura, in mayar. Wallahi har alfahari nake ji. Ina cewa a raina, matan Bonanjo masu firigo a falo ma ba su fi ni iya adana magani ba.

Azumi ya kama. Likita ya riga ya ce Malam ba zai yi ba, limamin masallacin layinmu ma ya kira shi ya ce Allah ya ɗauke masa, ya ciyar in ya samu hali. Amma abin ya yi masa nauyi. Namiji mai gemu yana cin abinci da rana tsaka a watan azumi! A bayan ƙofa yake tsugunawa ya karya, ya hana ni buɗe taga. A Sandaga kuwa sai ya shige bayan buhuna ya juya wa mutane baya.

Duk da babun da ake ciki, gidanmu ba ya rasa motsi in la'asar ta yi. Turmi na amsa turmi. Wannan na tace gasara, waccan na markaɗen wake, hayaƙin gawayi da ƙamshin ƙosai su cika tsakar gida, yara na layi a ƙofar Adda Dudu da kofuna. Kafin magariba kwanuka sun fara yawo ɗaki-ɗaki, kowa na aika wa kowa ɗan abin da ya samu. Na wannan ɗaki in karɓa in gode, in juye in aika wa wancan, don kada kunu mai zaƙi ya kwana a ɗakina. Ni da ruwa nake buɗe baki, sai kunun tsamiya salam, ba sukari. Dabino kuwa ban bari ya shigo ba, ko da an ba ni. Ina yi wa Malam allurar yamma sai ya tafi masallaci, inda maza ke shimfiɗa tabarma suna shan ruwa tare, ya yi salla ya dawo ya ci malmalarsa.

Ran azumi na huɗu na zagaya bayi da safe, na ga kiyashi. 'Yan kaɗan ne, na ce wataƙila na wani ne. Washegari suka ƙaru. Ran na shida layi ne baƙi ƙirin, kamar farkon ciwon. Moɗa ta koma hannunsa. Na tsaya a kansa yana ɗaura takalmi.

"Malam, me kake ci a waje?"

"Abin da kika zuba min."

"Ban da shi fa?"

"Babu."

"Kiyashi sun dawo."

"Na gani, Asabe. Ni ma abin ya dame ni."

Ban yarda ba. Allura ba ta taɓa wuce lokacinta ba, magani yana wuri mafi sanyi a New Bell, awo yana hannuna. To ta ina sukari ke shiga, in ba ta bakinsa ba? Na rage malmala ta koma rabi. Na cire agade. Kiyashi ba su ragu ba. Da rana na koma ba shi ganye da ɗan kifi, mutumin da ke yini a rana yana jan buhu. Idonsa ya faɗa, kumatun da na yi wata biyu ina ginawa suka zube cikin kwana biyar. Yakan kai hannu kwano ya ga ya ƙare, ya lashe yatsa. Ina gani, amma sai in ce gara yunwa da kabari.

Kaina ya ɗau zafi. Ga ƙishirwar azumi, ga zafin gari, ga zargi. Ina daka ina lissafa masu sayar da makala tsakanin gidanmu da Sandaga. Wata rana na bar tukunya a wuta na yafa mayafi na tafi kasuwar da ƙafa, na ratsa masu turin kaya da tulin agade, na samu Alhaji Hamadu a kan buhu.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, me kuke ba shi?"

Ya ce, "Subhanallahi! Uwar Uwani, mutumin nan ko goro aka miƙa masa sai ya ce sai ya tambaye ki. Mu tsoro ma muke ji, ya rame da yawa. Ki mai da shi asibiti."

Na ce a raina, abokin ɓarawo ai ba ya ba da shaida. Asibiti kuwa ranarmu sai ƙarshen wata, kuma ina jin kunyar in tsaya gaban Majo ta ce na kasa riƙe miji ɗaya.

Sai kuma ga wari. In ya yi magana kusa da ni sai in ji bakinsa na tashin wani ƙamshi-ƙamshi, kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Na ce shi ke nan, na kama shi. Daga baya ne Majo ta gaya min wannan warin ciwon ne da kansa, alamar jiki ya rasa magani yana cin kansa. A lokacin ni shaida na ɗauke shi.

Ran azumi na goma sha biyu, bayan magariba, na tsaya a ƙofar gida ina jiransa. Mutanen gida duk suna tsakar gida a kan tabarmi, ana shan kunu. Ya shigo yana jan ƙafa, na ga aljihun rigarsa ya yi tudu. Ban yi wata-wata ba na cusa hannu, a gaban maza da mata da yara. Na zaro wani ƙulli na takardar siminti. Na warware. Dabino ne.

Abin da na faɗa ranar, Allah ya yafe min. Na ce na sayar da kwallayena saboda shi. Na ce ina buɗe baki da ruwan famfo saboda shi. Na ce ashe ƙaton banza nake wa wahala, mai kwaɗayi kamar yaro, mai ƙarya a watan azumi. Na ce in mutuwa yake so ya faɗa min in huta. Na watsar da dabinon a ƙasa.

Adda Dudu ta ce, "Asabe, ya isa, mijinki ne."

Shi kuwa ya dube ni ya ce, "Ban ci ba."

"To na uban wa ne?"

Ya dubi mutanen da ke kallonmu. Ya wuce ɗaki. Ranar ko rabin malmalar bai taɓa ba.

Kwana biyu bayan nan ya kasa fita kasuwa. Tun hantsi yake amai, yana riƙe ciki, yana wani irin numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu. Na yi masa magana, ya amsa da abin da ba shi na tambaya ba. Wajen azahar gari ya yi baƙi ta bakin teku, iskar da muka yi wata biyu muna roƙo ta taso da ledoji da ƙura, ruwan farko ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kafin a ce me, magudanun New Bell sun cika sun tumbatsa, lungunmu ya zama rafi, ruwa har gwiwa. Mota ba ta shiga. Mazan gidan, da azuminsu, suka ɗora shi a kan pus-pus, amalanken turin kaya, suka rufe shi da ledar tebur, suka tura har bakin titi. Ni kuwa sai da na koma da gudu ɗakin Adda Dudu na tono kwalbar, na sa ta a kofi, na cika da ƙanƙara. Ina so in nuna wa Majo cewa ni dai na yi nawa.

Aka shige da shi, aka ɗaura masa ruwa hannu biyu. Majo ta fito ta same ni a baranda, zanena na ɗiga.

"Madam, kin daina yi masa allura?"

"Ko sau ɗaya ban tsallake ba! Shi ne yake cin dabino a ɓoye. Ga maganin ma."

Na miƙa mata kofin ina jiran yabo. Ta zaro kwalbar daga cikin ƙanƙara, har lokacin rabinta dutse ne. Ta riƙe ta a hannu har ta narke, ta murza, ta ɗaga ta saitin haske. Ta ce in matso. Ruwan bai yi fari bai ɗaya ba. Gudaji-gudaji ne ke yawo a ciki kamar nonon da ya tsinke, wasu sun manne a jikin kwalbar. Kullum ina ganin haka, na ɗauka ƙarfin magani ne.

"Wa ya daskarar da wannan?"

Na ce, "Ni."

"Tun yaushe?"

"Tun saura mako guda azumi."

Ta rufe ido ta ce wani abu da Faransanci. Sannan ta ce, "Na ce miki sanyi, na ce miki randa. In ya daskare sau ɗaya ya mutu, Madam. Mako uku kina soka wa mijinki ruwa. Ko iska kaɗai yake ci, sukarinsa sai ya hau."

Na zauna a ƙasa cikin jiƙar barandar. Garin neman ƙiba na samo rama. Ba kwallayen da suka tafi a banza na tuna ba. Hannunsa na tuna, yana laluben kwanon da ya riga ya ƙare.

Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. Na kasa zama a benci, na kasa shiga, in je bakin ƙofa in dawo, in je bakin taga in dawo. Alhaji Hamadu da mutanen rumfarsu suka haɗa abin da aka sayi sabuwar kwalba. A rana ta uku da la'asar Adda Dudu ta zo da kunu a fulas. Tana kuka tana cewa firigonta ne. Na ce, "Adda, ke kwando kika ce. Ni na ce ƙasa." Da za ta tafi ta kwance bakin mayafinta ta ba ni wani ɗan ƙulli. Ta ce ta tsince su ranar, ta wanke, don ba a barin abincin buɗe baki a ƙasa.

Da na shiga na tarar ya buɗe ido. Ya rame har hancinsa ya yi tsini. Na durƙusa a bakin gadon, ban damu da sauran majinyata ba, na gaya masa komai, firigon da kusurwar da abin da Majo ta ce. Na ce, "Malam, ni na kusa kashe ka, kuma na tozarta ka a gaban mutane. Ka yafe min."

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "To alhamdulillahi. Ni har na fara zargin kaina, ko ina ci ne a cikin barci."

Na ce, "Dabinon fa? Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"A gaban mutane zan ce na tara wa matata dabino? Kowace magariba ɗaya ake miƙo min a masallaci, kuma ba a mayar da hannun mai sadaka. Tun da azumi ya kama ban ga kin buɗe baki da dabino ba, saboda ni. Sai nake ajiyewa. Ina jiran ranar da fuskarki za ta sake in ba ki, ranar ba ta zo ba."

Na kwance ƙullin Adda Dudu a kan zanen gadon. Na ƙirga. Goma sha biyu ne cif, na azumi goma sha biyu, ko ɗaya babu alamar haƙori. Da na tsaya na ƙirga a ƙofar gida, da ban faɗi abin da na faɗa ba.

Ana haka aka kira magariba a wani masallaci can bayan katangar asibiti. Ya turo min guda ɗaya da yatsa.

"Sha ruwa mana, Asabe. Ni ba zan sa hannu a aljihunki ba."

Na ci ina kuka, da 'yar ƙasar tsakar gidanmu a jikinsa tana min ƙaras-ƙaras a haƙori.

Muka dawo gida kwalba ta koma gindin randa, malmala ta koma dunƙulen hannu, kiyashi suka ɗauke. Ya ƙara shekara goma sha tara a duniya, har ya ga auren Uwani. Mun yi faɗa bayan nan, ba sau ɗaya ba, don bakina bai mutu ba. Amma ko sau ɗaya bai taɓa tayar da maganar firigon nan ba, ko da wasa. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Yanzu masu ciwon suna da abin awo a aljihu, allurar ma kamar alƙalami take, kuma na ji an ce takardar cikin kwalin tana faɗin kada a daskarar. Wataƙila ta lokacinmu ma ta faɗa. Da Faransanci take, ni kuma ban tambayi kowa ba, don na riga na gama sani.

Ga 'yan matan ƙanƙara can sun sake biyowa, rana ta yi ja a kan rufin maƙwabta. Uwani ta aiko min da dabino kwali guda, manya masu laushi, irin na Makka. Na raba wa mutanen gida. Na ajiye goma sha biyu a takarda, kamar kowace shekara, ina cin ɗaya kullum da ruwan randa. Yau saura ɗaya.